Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Tsokaci a Kan Halin Kan Jirgin Ƙasa a Wasannin Kwamfuta

Daga cikin wasannin da ake yi da kwamfuta a wannan zamani akwai wani rukuni da ya sha bamban da sauran, domin ba a harbi a cikinsa, ba a dambe, ba a kuma cin ƙwallo. Abin da mai wasa yake yi shi ne ya zauna a mazaunin direban jirgin ƙasa, a shimfiɗa masa layin dogo a gabansa, a danƙa masa totur da birki, sa'an nan a ce ya kai fasinja ko kaya daga wannan tasha zuwa waccan. Masu ƙera irin waɗannan wasanni kusan duk alkawari ɗaya suke yi wa mai saye, watau cewa abin da zai tarar a ciki tamkar gaske ne. To, wace irin gaskiya ke nan? Ra'ayin da wannan maƙala za ta kare shi ne, gaskiyar kan jirgi tana cikin halinsa ne, watau nauyinsa da jinkirinsa da gardamar da yakan yi wa mai tuƙa shi, kuma duk wasan da ya kyautata fenti ya bar hali, ya karya alkawarin da ya ɗauka, kome kyan hotonsa.

Ɗalibin adabi ba baƙo ba ne ga wannan matsala, ko da bai taɓa zama gaban irin wannan wasa ba, domin ita ce matsalar kwaikwayo tun asali. Idan ɗan kama ya tashi kwaikwayon malami, ba ya bukatar rawanin malamin na ainihi ko buzunsa. Abin da yake kamawa shi ne jan murya, da gyaran murya kafin magana, da yadda ake ɗaga kai a dubi almajirai, kuma da waɗannan ne jama'a suke gane wanda ake nufi su fashe da dariya. In da zai sha rawani har da alkyabba, amma ya riƙa magana da garajen ɗan kamasho a tashar mota, da ba wanda zai ce ya yi kwaikwayo. Ko yara ma, in sun jeru sun kama rigunan juna suna wasan jirgi, na gaba ba ya zabura da gudu. Yakan soma ne da jan ƙafa a hankali yana huci, sa'an nan ya riƙa ƙara sauri, saboda abin da idonsu ya fara riƙewa game da jirgi shi ne cewa abu ne mai nauyin tashi. Abin mamaki, wannan darasi da yara suka gane shi ne wanda wasu manyan kamfanoni sukan yi wa riƙon sakainar kashi.

Tarihin wasannin kansa ya nuna cewa hoto da hali ba tare suke tafiya ba. A shekarar 1985 wani kamfani a Ingila mai suna Hewson ya fito da wasan Southern Belle, wanda ake yi a kan ƙaramar kwamfutar gida ta ZX Spectrum. Hoton da ke cikinsa zane-zanen layuka ne kawai, gada da tasha duk kamar an lanƙwasa su da waya. Amma duk da wannan talauci na hoto, wanda ya ɗauki jirgin daga tashar Victoria ta Landan zuwa Brighton dole ne ya kula da wutar tukunya da ruwanta da yawan tururin da yake kashewa, in ya yi sakaci kuwa jirgi ya mace masa a hanya. A 2001 kamfanin Microsoft ya fito da nasa wasan, Microsoft Train Simulator, mai hanyoyi shida a Amurka da Ingila da Ostiriya da Japan, kuma a wannan shekarar ce wani kamfani a Ostireliya ya fito da Trainz. Daga nan hoto ya yi ta ci gaba, har ya zamana a wasan Train Sim World, wanda ya fara fitowa a 2017, ana ganin ɗigon ruwan sama yana gangarowa a gilashi, da hasken rana yana ratsa ganyen itace. Wannan ci gaba ne babu shakka. Sai dai ɗigon ruwa a gilashi ado ne; tambayar ita ce, ruwan nan da ya sauka a kan dogo, ya canza wani abu a tafiyar jirgin?

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin duk halin jirgin ƙasa daga wuri guda ya samo tushe, watau inda ƙafar ƙarfe ta taɓa dogon ƙarfe. Wurin da suke haɗuwa bai fi faɗin ƙaramin kwabo ba, kuma ta wannan ɗan wuri ne duk ƙarfin inji yake bi, haka ma duk ƙarfin birki. Ƙarfe a kan ƙarfe ba ya da jan tafiya, shi ya sa kai ɗaya yake iya jan kayan da zai cika manyan motoci da dama. Amma wannan alheri shi ne kuma masifar, domin abin da ba ya jan tafiya ba ya riƙo. Tayar roba a busasshiyar kwalta tana iya riƙe ƙarfin da ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na nauyin da ke kanta kafin ta zame, ita kuwa ƙafar jirgi a busasshen dogo abin da take riƙewa bai cika wuce kashi 25 zuwa 35 ba. In dogo ya jiƙe da yayyafi, ko ganye ya zuba aka niƙe shi a kai, riƙon yakan faɗo zuwa kashi 10, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Ɗan lissafi kaɗan zai fito da abin a fili. A ɗauka ga kan jirgi mai nauyin tan 120, duk nauyin yana kan ƙafafun da inji ke juyawa, yana jan taragai masu nauyin tan 1,000. A busasshen dogo, in riƙon ya kai kashi 25 cikin 100, ƙarfin jan da zai iya sauke wa dogo tan 30 ne, kome girman injin da ke cikinsa. A ɗauka kuma ya iso wani hawa wanda yake ɗagawa da mita 1 a kowace mita 100, irin dogon hawan nan da ke kan hanyar Settle zuwa Carlisle a arewacin Ingila, wadda tana cikin hanyoyi shidan da Microsoft ya saka a wasansa. Hawan kaɗai zai ci tan 10 na ƙarfin ja saboda taragai, a ƙara wajen tan 2 na jan tafiya, a ƙara na nauyin kan jirgin kansa, abin ya haura tan 13. A ranar rani wannan ba kome ba ne. Amma ranar da riƙo ya faɗo zuwa kashi 10, abin da kan jirgin zai iya bayarwa tan 12 ne kacal, ke nan jirgi ɗaya, kaya ɗaya, hawa ɗaya, jiya ya wuce salin-alin, yau ya tsaya ƙafafu suna juyawa a banza, sai an zuba yashi a dogo an lallaɓa. Wasan da mai shi zai tura totur har ƙarshe a irin wannan rana, jirgi kuma ya miƙe kamar an saki akuya daga turke, ya faɗi ƙarya a kan abu mafi muhimmanci. Wannan kuwa ba tatsuniya ba ce ga ma'aikatan reluwe: ran 31 ga Oktoba 2021 wani jirgin fasinja ya zame ya wuce danja a kusa da Salisbury a Ingila ya bugi wani, kuma binciken hukuma ya nuna santsin ganye a kan dogo yana cikin manyan dalilai.

Idan tashi yana da wuya, tsayawa ta fi shi, kuma a nan ne ake bambanta wasan da aka yi wa aiki da wanda aka yi wa kwalliya. Birkin iska da ake amfani da shi a yawancin jiragen duniya ya samo asali ne daga George Westinghouse, wanda ya yi rajistar fasaharsa a Amurka a 1869, ya kuma inganta ta a 1872 ta zama mai kama kanta. Tsarin yana da ban sha'awa saboda a juye yake. Akwai bututun iska da ya taso daga kan jirgi har tarago na ƙarshe, kowane tarago kuma yana da ɗan tankinsa da ake cikawa ta wannan bututu. Direba in zai ja birki, rage iskar bututun yake yi, wannan ragin ne yake sa kowane tarago ya saki iskar tankinsa ta matse ƙafafu. Hikimar ita ce, in jirgi ya tsinke biyu bututu ya yage, iska za ta fice, birki ya kama da kansa a ɓangarorin biyu.

Abubuwa biyu suke biyo bayan wannan tsari, kuma dukansu hali ne da dole wasa ya nuna. Na farko, saƙon birki tafiya yake yi a cikin bututu, ba ya kuma iya wuce gudun sauti, wanda yake wajen mita 340 a sakan. A aikace ma bai kai haka ba. Saboda haka a jirgin kaya mai tsawon kilomita 2, irin waɗanda ake gani a Amurka, taragan gaba sun daɗe da kama birki kafin na baya su sami labari, su kuma na bayan suna nan suna turo nauyinsu. Na biyu, kuma shi ne mafi haɗari, tankunan nan ba sa sake cika sai an saki birki, cikar kuma takan ɗauki mintoci a dogon jirgi. A jiragen kaya na Amurka ba a ma iya sassauta birkin kaɗan-kaɗan, in an saki, an saki duka ke nan. Direban da ya riƙa ja yana saki, ja yana saki a gangare, zai wayi gari ya ja hannu ya tarar babu iskar da za ta amsa masa. Don haka ne ake cewa babban jirgin kaya mai gudun kilomita 90 a awa yana iya cin kilomita ɗaya da rabi ko fiye kafin ya tsaya cak. Tuƙin jirgi, ke nan, aiki ne na hangen abin da bai iso ba tukuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasannin da suka ɗauki wannan da gaske, irin su Run 8 na Amurka, sun yi suna ne a wurin masu sha'awa saboda birkinsu, duk da cewa hotonsu bai kai na abokan gasarsu ba, kuma wannan suna sun cancance shi.

Akwai wani abu kuma da ba a gani a hoto ko kaɗan, watau ɗan sakin da ke tsakanin tarago da tarago a wurin ƙugiyar da ta haɗa su. A ƙugiya ɗaya ba shi da yawa, amma in aka tara na tarago ɗari sai ya zama mitoci. Jirgi ba sanda ba ne, sarƙa ce. In direba ya fizgi wuta farat ɗaya, sakin zai riƙa miƙewa daga gaba zuwa baya, kowane tarago yana fizgar na bayansa da ƙarfin da ya fi na baya, har ƙugiya ta karye a tsakiya. In kuma rabin jirgi ya haye tudu ya soma gangarawa, rabi yana hawa, to direba yana tuƙa jirage biyu ne masu buri daban a lokaci guda.

Wanda yake ganin wannan duk ƙaƙale ne na masu son lissafi, ya dubi abin da ya faru a San Bernardino ta jihar Kalifoniya ran 12 ga Mayu 1989. Wani jirgin kaya na kamfanin Southern Pacific mai tarago 69 ya biyo gangaren Cajon. A takarda an rubuta nauyinsa tan dubu shida da ɗoriya, alhali nauyinsa na gaskiya ya kusa tan dubu tara. Bugu da ƙari, birkin lantarki, watau wanda yake mai da injinan da ke juya ƙafafu su zama masu riƙe su, ba ya aiki a wasu daga cikin kawunan jirgin, direban gaba kuma bai san iyakar abin ba. Da gudu ya fi ƙarfinsu aka ja birkin gaggawa, wanda a tsarin lokacin yake yanke birkin lantarki gaba ɗaya, ya rage sai na iska kaɗai, shi kuma ya yi zafi har ya daina riƙo. Jirgin ya kauce a wata kwana yana gudun fiye da mil 100 a awa, ya afka cikin gidajen mutane, rai 4 suka salwanta. Wannan yanki na Cajon yana cikin wuraren da masu ƙera wasanni suka fi son zanawa, har an saka shi a Train Sim World na uku a 2022. Duk wanda ya zana duwatsun wurin da ƙurarsa, ya kamata nauyin kaya da zafin birki su zama abin tsoro a wasansa kamar yadda suke a wurin, in ba haka ba ya ɗauki sunan wuri ne ya bar ma'anarsa.

Kan jirgi mai tururi shi ne jarrabawa mafi tsanani, saboda shi ba inji ba ne da ake kunnawa a manta da shi. Mutum biyu suke hidimarsa, direba da fayaman, watau mai zuba kwal da kula da ruwa, kuma tururin da direba yake kashewa yanzu, kwal ɗin da aka zuba tun mintoci da suka wuce ne ya haife shi. Direba yana da hannu biyu na sarrafa ƙarfi: ɗaya yana buɗe wa tururi hanya daga tukunya, ɗaya kuma yana ƙayyade iyakar tafiyar fistin da za a bar tururi yana shiga silinda. A wurin tashi akan bar shi ya shiga har wajen kashi 70 cikin 100 na tafiyar, in gudu ya kankama sai a rage zuwa wajen kashi 20, a bar tururin da ya riga ya shiga ya buɗe da kansa ya ƙarasa aikin. Wanda bai rage ba zai zuƙe tukunya ya kuma yage wutar. Ruwan da ake ɗurawa a tukunya yana rage ƙarfin tururi, don haka ba a son ɗura shi a tsakiyar hawa. Amma in an bar ruwa ya yi ƙasa, rufin akwatin wuta zai fito fili ya ƙone, musamman in jirgi ya karya kai ya soma gangara, ruwan ya kwarara gaba. In kuma ruwa ya yi yawa, sai ya bi tururi ya shiga inda bai kamata ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya sami wani sanannen kan jirgi mai suna Blue Peter a 1994, yana barin tashar Durham a Ingila: ƙafafu suka zame, ruwa ya bi tururi, hannun rufewa ya ƙi rufuwa, ƙafafun suka yi ta juyawa a wuri ɗaya har sandunan da ke juya su suka lalace, direba kuma ya ji rauni.

A nan ma siffar kan jirgin tana da ruwa da tsaki a halinsa. Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923, ya kuma kai gudun mil 100 a awa a 1934, yana da ƙafa 12 ban da na taragon kwal, amma 6 ne kawai inji yake juyawa, kuma wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ne yake kansu. An yi shi ne domin gudu da fasinja, saboda haka mai saurin zamewa ne a wurin tashi. Idan wasa ya saka shi, ya kuma saka kan jirgin kaya mai ƙananan ƙafafu da yawa, amma mai wasa ya rufe ido bai ji bambancin tashinsu ba, to kai ɗaya aka ba shi da riga biyu. Wannan shi ne aibin da ya fi yawa a kasuwar ƙarin jiragen da ake sayarwa ɗaya-ɗaya domin a saka a wasa: mai saye yana iya duba hoto kafin ya biya, amma ba ya iya duba hali, don haka mai sayarwa ya san inda zai zuba wahalarsa.

Na dizal ma yana da nasa jinkirin, ko da yake bai kai wannan ba. Injin dizal janareta yake juyawa, lantarkin ne yake juya ƙafafu, totur ɗin kuma a jiragen Amurka mataki takwas ne. In an ɗaga mataki, sai inji ya ɗauki ruri, sa'an nan ƙarfi ya biyo baya, kuma a tsofaffin kawuna in aka daɗe ana ja da ƙarfi a ƙaramin gudu injinan ƙafafu sukan yi zafi su ƙone.

To, akwai masu suka, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa wasa wasa ne. Mutumin da ya dawo daga aiki a gajiye, ya sayi wasa da kuɗinsa, ba makarantar koyon tuƙi ya shiga ba, kuma in aka ce sai ya karanta littafi mai shafi ɗari kafin jirgi ya motsa, zai ajiye ya nemi wani. Suna ƙarawa da cewa aikin direba na gaskiya cike yake da zaman jira, awa guda a gaban danja, ko duba taragai ɗaya bayan ɗaya kafin tashi, kuma babu mai hankalin da zai ce a saka duk wannan. In dai an yarda a yanke jira, me zai hana a yanke santsi da jinkirin birki?

Amsar tana wurin masu ƙaga labari. Marubuci yana da damar ya tsallake shekara goma da jimla ɗaya, yana da damar ya bar cin abincin tauraronsa da barcinsa, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Abin da ba shi da dama a kai shi ne ya gina mutum a kan rowa tun farkon littafi, sa'an nan a tsakiya ya sa shi rabon dukiya ba tare da dalili ba, don kawai labari ya yi sauƙin warwarewa. Yanke jira zaɓe ne, kowane mai fasaha yana zaɓe. Mai da jirgi ya tsaya kamar keke kuwa canza hali ne. Ana iya gajarta hanya, a rage zaman tasha, a ɗauke wa mai wasa aikin takardu, jirgin ya ci gaba da zama jirgi. Misali mai kyau shi ne Densha de Go!, wanda kamfanin Taito ya fito da shi a Japan a cikin shekarun 1990 domin gidajen wasa, inda mutum yake jefa kuɗi ya yi 'yan mintoci ya tashi. Ya sauƙaƙa abubuwa da yawa ƙwarai, amma ya riƙe guda ɗaya gam: dole a iso a kan lokaci, a kuma tsaya daidai alamar da ke dandamalin tasha, wanda ba ya yiwuwa sai an soma birki tun da nisa an kuma sassauta shi a daidai lokacin. Jama'a suka yi ta tururuwa a kansa, har aka ƙera masa hannayen tuƙi na musamman domin masu yi a gida. Ashe wahalar tsayawa ita ce daɗin wasan, ba ita ce mai korar masu saye ba.

Game da sabon shiga kuwa, an daɗe da samun mafita. Microsoft Train Simulator yana da tsarin tuƙi mai sauƙi, yana kuma barin kwamfuta ta riƙe aikin fayaman ga wanda ya so. Trainz yana da tsari biyu a fili, ɗaya ana juya shi kamar jirgin wasan yara na lantarki, ɗaya kuma na zama a mazaunin direba. Babu laifi a wannan ko kaɗan, matuƙar an gaya wa mutum wanne ne wanne. Laifin yana wurin da aka rubuta wa abu sunan gaske alhali na sauƙin ne aka sa wa rawani.

Ba kuma za a ce abin ya gagara ba ne. Lissafin jan tafiyar jirgi sananne ne tun 1926, lokacin da injiniya W. J. Davis na kamfanin General Electric ya wallafa ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa. Da Microsoft ya watsar da shirin fito da wasansa na biyu a 2009, masu sha'awa ne suka haɗu a kyauta suka gina Open Rails, wanda yake karɓar tsofaffin hanyoyi da jiragen wancan wasa, amma ya saka musu lissafin riƙon dogo da na jan tafiya wanda ya fi na asali zurfi. A Jamus akwai Zusi, wanda wani nau'insa ana amfani da shi wajen horar da direbobin gaske, haka kuma SimRail na ƙasar Folan, wanda ya fito a 2023, daga masu ƙera na'urorin horar da direbobi ya fito. In 'yan sa kai da ƙananan kamfanoni sun iya, babban kamfanin da bai yi ba ya zaɓi kada ya yi ne.

Sai dai akwai iyakar da kowane wasa zai tsaya a kanta, kuma adalci ne a faɗe ta. Direban gaske da jikinsa yake jin jirgi. Kujerar da yake kai ita take gaya masa saki ya miƙe ko ya taru, tafin ƙafarsa yake jin ƙafafu sun fara zamewa tun kafin allurar agogo ta motsa, kuma yana ɗauke da sanin cewa akwai rayuka a bayansa, wanda mai wasa ba zai taɓa ɗauka ba tun da yana iya danna maɓalli ya sake daga farko. Manyan na'urorin horarwa sukan ɗora ɗakin direba a kan ƙafafu masu motsi don su cike wani ɓangare na wannan giɓi, abin da mai kwamfuta a ɗakinsa ba shi da shi. Saboda haka nauyi ya koma kan kunne da ido. Ƙarar inji a wasa bai kamata ta zama kiɗan rakiya ba. Ya kamata ta canza in kaya ya yi nauyi, huci ya rikice in ƙafa ta zame, a ji ƙarar ƙugiyoyi tana tafiya daga gaba zuwa baya in an fizga, allurar iska kuma ta hau a hankali kamar yadda tanki yake cika. Mai ƙera wasa da yake da kuɗin ɗaukar ma'aikaci ɗaya tak, ya rasa ko mai zanen gajimare zai ɗauka ko tsohon direban da ya yi shekaru yana sauko da kaya a gangare, tsohon direban ya kamata ya kira, ya zaunar da shi gaban allo, ya bar shi ya ja birki sau ɗaya, sa'an nan ya saurari abin da zai ce.